Ɗana ya zo da gajerun gaɓoɓi ya koma, an ce ɗan ruwa ne, an ce auren gida ne

Salamu alaikum Inna. Daga Garwa nake rubuto miki. Shekarata 26, maigidana 44, ɗan goggona ne. Muna da 'ya ɗaya mai shekara 4, lafiyarta ƙalau, uwargidana kuma 'ya'yanta biyar babu mai wata matsala. Wata uku ke nan da aka yi mini aiki aka ciro ɗa namiji a wata na takwas. Tun cikin yana wata shida ya yi girman da mata ke ta cewa tagwaye ne, da aka yi eko, wato hoton ciki, likita ya ce ruwa ne ya yi yawa, ƙasusuwan yaron kuma ba su kai ba. Ya zo da babban kai, hannuwa da ƙafafu gajeru ƙwarai, ƙirji ɗan tsurut. Bai cika awa biyu ba ya koma. Ni ban gan shi sosai ba, allura ba ta sake ni ba. A takarda an rubuta "dysplasie thanatophore probable". Goggo ta ce ɗan ruwa ne, na jawo da fitar magariba da wanki a bakin Binuwai. Mahaifiyata ta ce auren gida ne, in fito tun kafin a fara kirana mai wabi. Maigidana ya yi shiru, ko maganar ba ya so. Ni kuma ina tuna na sha maganin zazzaɓi a wata na biyu, kuma ban cika cin abinci ba saboda laulayi. Laifina ne? In na sake ɗaukar ciki haka zai zo?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne, ya kawo rayayye mai albarka.

Bari in fara sauke miki kayan da kika ɗora wa kanki. Maganin zazzaɓi bai jawo wannan ba, rashin cin abinci bai jawo ba, magariba da bakin kogi ba su jawo ba. Ciwon da aka rubuta miki a takardar nan an riga an ƙulla shi tun ranar da cikin ya shiga, kafin ki san kina da shi, kafin ki fara laulayi. Da kin kwana kina shan madara kina cin nama wata takwas, da haka zai zo. Ya bambanta da gwamewar ƙafa da ake gani ga yaran da ba su samu isasshen sinadarin gina ƙashi ba. Wancan na ƙarancin abin da jiki ke buƙata ne, yana kuma jin magani.

Na yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin ƙafafuna su ce sun gaji, kuma irin naki bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba cikin abin da na gani. Amma na san shirun nan. Mai eko yana hira, yana tsokanarki da zancen kayan suna, sai ya aza ma'auni a kan ƙashin cinya, ya goge, ya sake azawa, ya juya na'urar ta wani gefen, ya sake aunawa, hira ta ɗauke. Ciki wata shida, ƙashin cinya kuwa bai kai na wata huɗu ba. Daga nan uwa take karanta fuskarsa tun kafin ya buɗe baki.

Sunan nan mai nauyi na "thanatophore" da ke takardarki likitocin Faransa ne suka raɗa shi a 1967, cikinsu akwai Pierre Maroteaux da Maurice Lamy, kuma kalmar daga Girkanci take, tana nufin "mai ɗauke da mutuwa". Ba su yi kara wajen sa sunan ba, don abin da suka gani ke nan. Cikin ciwukan ƙashi da ke kashe jariri a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa, shi ne ya fi yawa, duk da haka sai an yi haihuwa 20,000 zuwa 50,000 kafin a samu ɗaya. Ana samunsa a Faransa, ana samunsa a Japan, ana samunsa ga matan da ba su taɓa ganin kogi ba.

Ga yadda abin yake. Ƙashin ɗan tayi da guringuntsi yake farawa, kamar wanda kike tauna a ƙarshen ƙashin kaza. A bakin kowane dogon ƙashi guringuntsin yana ta ƙaruwa yana juyewa ƙashi, haka tsawo yake samuwa. A cikin ƙwayoyin halittar da muke gadowa, wajen 20,000, akwai ɗaya da ake kira FGFR3, aikinta kamar na birkin babur ne: ita ke ce wa guringuntsi ya sassauta, kada girma ya wuce kima. A 1995 aka gano cewa a wannan ciwo birkin ne ke liƙewa. Harafi ɗaya ne ke sauyawa a cikin rubutun halitta. Wanda ya yi karatun allo ya san abin da ɗigo ɗaya ke yi: sa shi a ƙasa ya zama ba, mayar da shi sama ya zama nun, kalma ta koma wata. To haka ne. Irin wannan ƙwayar ce, idan birkin ya kama rabi-rabi, take haifar da wada, wanda kika sani yana rayuwarsa, yana sana'a, yana aure, hankalinsa daidai da na kowa. Kuma 8 cikin 10 na wadanni iyayensu masu tsawo ne irin na kowa. Idan birkin ya kama gaba ɗaya kuwa, sai a samu abin da aka rubuta miki.

Gajartar hannu da ƙafa ba ta kisa. Haƙarƙari ne. Shi ma ƙashi ne, shi ma ya gajarce, sai ƙirjin ya tsuke, zuciya ta cinye mafi yawan wurin, huhu ya rasa inda zai girma. A cikin mahaifa yaron ba ya buƙatar huhunsa, ke kike masa numfashi ta cibiya, shi ya sa kika yi ta jin motsinsa har ranar ƙarshe. Da aka yanke cibiya aka bar shi da huhun da bai isa ba. Sau da yawa kuma ƙofar da ke gindin ƙoƙon kai, inda laka ke fita, ita ma a tsuke take, tana danne wurin da ke sarrafa numfashi. Na faɗa miki wannan ne saboda na san wata tambayar da ba ki rubuta ba: da a Yaunde aka haife shi, ko da muna da kuɗi, da ya rayu? A manyan asibitocin Turai ma, da injinan numfashinsu, kusan dukkan irin waɗannan jarirai cikin awanni ko 'yan kwanaki suke komawa. Yawan ruwan da ya sa ake miki kallon mai tagwaye shi ma abokin tafiyar ciwon ne.

Yanzu ga maganar mahaifiyarki, wadda ta fi ta Goggo buƙatar a zauna a kanta, don ba a banza ta faɗa ba.

Idan har ciwon shi ne wanda aka rubuta, auren gida ba shi da hannu a ciki. Ba ke kike ɗauke da shi ba, ba maigidanki ba, ba kakanku da kuka haɗa ba. Sabon kuskure ne da ya faru a ƙwayar haihuwa ɗaya tak, wadda ta samar da cikin nan kaɗai. Mace da ƙwayayenta ake haifarta, namiji kuwa ƙwayoyin da ke samar masa da maniyyi suna sake kwafar kansu kusan kowane kwana 16 tun daga balaga har tsufa. Mai kwafar rubutu shekara talatin, komai ƙwarewarsa, wata rana ɗigo zai zame masa. Shi ya sa irin wannan sauyi a FGFR3 ya fi zuwa ta wajen uba, kuma yana ɗan ƙaruwa da shekarun uban. Na yi jinkiri kafin in rubuta wannan, don na san gidajenmu, ana neman sanda ne kowa ya rama. Kada ki ɗauke ta. Bawan Allah bai aikata komai ba, bai kuma san da shi ba, kamar yadda ke ma ba ki sani ba. Maza nawa ne a Garwa suke haihuwa a shekara sittin 'ya'yan lafiya lau? Amfanin sanin nan guda ne: ciwon da ya zo ta wannan hanya da wuya ƙwarai ya sake dawowa gida ɗaya. Cikinki na gaba zai zama kamar na kowace mace.

Sai dai likitanki ya ƙara kalma ɗaya a ƙarshe, "probable", wato mai yiwuwa, kuma na yaba masa da ya rubuta ta. Ciwukan ƙashi na halitta da masana suka lissafa sun haura 700. Eko yana iya nuna cewa wannan yaro ba zai rayu ba, a nan ba ya cika kuskure, amma faɗin takamaiman sunan ciwon ya fi shi ƙarfi sau da yawa, sai an haɗa da hoton ƙashi bayan haihuwa ko gwajin ƙwayoyin halitta. Kuma a cikin masu kama da naki akwai waɗanda ake gadowa ta ɓangare biyu, daidai da sikila. Uba yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye, lafiyarsa ƙalau, uwa ma haka, sai idan yaro ya karɓo daga kowannensu ciwon yake bayyana. A nan kowane ciki yana da 1 cikin 4. Kowane ciki, 'yata, lissafin ba ya tunawa da na baya. Ana iya yin huɗu a jere lafiya, ana iya yin biyu a jere babu. A irin wannan ne auren zumunci ke shigowa, domin ke da ɗan goggonki kun haɗa kusan kashi 1 cikin 8 na ƙwayoyin halittarku, abin da ya ɓuya a jikin kakanku yana iya biyo ku ta hanya biyu ya haɗu a ɗaki ɗaya. Lafiyar 'yarki ba ta kore wannan ba. Lafiyar 'ya'yan uwargidanki ma ba hujja ba ce a kanki: idan ita bare ce, da wuya ta ɗauki irin ƙwayar da ke danginku, idan kuma sabon kuskure ne, ai kan kowa yana iya faɗawa.

To yaya za a bambanta, tunda an riga an rufe yaron? Akwai alamu, ko da ba za su kai hoton ƙashi ba.

Ta farko yatsu. Akwai wani rukuni da ke zuwa da gajeren haƙarƙari tare da ƙarin yatsa a hannu ko ƙafa, wani lokaci da tsagewar leɓe ko matsalar ƙoda, kuma shi na gadon ɓangare biyu ne. Kada wannan ya tayar wa kowa hankali a kan cindo. Cindo kaɗai abu ne da ya yawaita a cikinmu baƙar fata, ba shi da wata illa, Cindo nawa muka sani sun tsufa da jikoki. Haɗuwarsa da tsukakken ƙirji ne abin lura. Sai taurin kai. A ciwon da aka rubuta miki kan yana da girma, goshi ya turo, karan hanci ya lotsa, amma ƙoƙon da ƙwarinsa. Ƙashin cinya kuwa a lanƙwashe, masu hoto suna kamanta shi da kan wayar tarho irin ta ofisoshin da, fatar hannu da ƙafa ta yi ninki-ninki kamar an naɗe hannun riga. A wani nau'insa cinyar a miƙe take amma kan ya yi tudu uku. Idan kuwa kan laushi ne da shi, yana lotsawa in an taɓa, ƙasusuwa sun kakkarye tun a ciki sun haɗe a murɗe, farin ido ya yi shuɗi-shuɗi, wannan wani ciwo ne daban, na gautsin ƙashi, inda zaren da ke riƙe ƙashi, wanda ake kira kolajin, ya lalace. Yawancinsa shi ma sabon kuskure ne, amma yana ɗan fin na farko dawowa, 'yan kaɗan cikin 100, kuma yana da wani reshe na gadon ɓangare biyu da ya shafe mu: wani bincike da aka wallafa a 2012 ya samu ƙwayarsa a ɓoye a jikin mutum 1 zuwa 2 cikin kowane 100 na 'yan Najeriya da Ghana da aka gwada. Mu da rabin danginmu ke Yola da Kano, bai kamata mu ce ba ruwanmu ba. Akwai kuma wanda yaron ke zuwa a kumbure, wuya kamar babu, ƙashin baya bai ma yi tauri ba. Shi wani nau'insa gado ne, wani kuma sabo.

Abin da kika kwatanta, babban kai, yawan ruwa, tsukakken ƙirji, gajerun gaɓoɓi, ya fi kama da abin da likitan ya rubuta, kuma shi ne ya fi yawa ko a ina. Can zuciyata ta fi karkata. Amma don kuna 'yan uwa ba zan rufe ɗaya ƙofar da hannuna ba.

Ki tattara takardunki duka, katin awo, hotunan eko da bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsu, takardar aikin da aka yi miki, ki sa a leda ki adana. In wani ya ɗauki hoton yaron a waya, kada a goge, ko ke ba za ki iya kallo ba likita zai karanta abubuwa da yawa a ciki. Ku koma wurin likitan mata da ya karɓe ki, ke da maigidanki, ku tambaye shi kai tsaye: an ɗauki hoton ƙashin yaron? Kun ga karaya? Me ya sa kuka fi zaton wannan ciwon? Sannan ki zauna da tsoffin gidanku, cikin hikima, ki ji ko an taɓa haihuwar irin wannan a dangi. Ba za a ce miki ciwon ƙashi ba, za a ce wance ta yi ta wabi, ko wance ta haifi abin da ba a nuna wa mutane ba. Idan aka samu ko ɗaya, musamman a auren gida, ma'aunin ya karkata zuwa gado, kuma ya dace ku nemi ƙwararru a Yaunde. Gwajin ƙwayoyin halitta galibi sai an aika jini ƙasar waje, da tsada, kuma ya fi ba da amsa in akwai samfurin jikin yaron, don haka kada ku sayar da gona a kansa kafin likita ya ce zai yi amfani. Wanda ke kusa, mai araha, wanda kuma ciwonsa ya fi wannan yawa nesa ba kusa ba a ƙasarmu, shi ne gwajin sikila. In ba ku taɓa yi ba, ku yi ku biyun.

Batun fita daga aure, ban goyi bayan mahaifiyarki ba. Tsoro ne ya sa ta faɗa, tana hango miki ɗaukar ciki wata tara ana binnewa, kowace uwa za ta ji haka. Amma ba a rushe gida a kan zato, balle zaton da ya fi rauni cikin biyun. Ko da a ce an tabbatar na gado ne, 3 cikin 4 na kowane ciki lafiya ne, kuma ku biyu ne za ku zauna ku auna abin da za ku iya ɗauka. Ina cikin masu cewa auren zumunci yana ƙara haɗarin irin waɗannan ciwuka, musamman in an yi ta maimaita shi kaka da kakanni, kuma ina faɗa wa masu shirin yi su yi gwaji tukuna. Wannan magana ce ta kafin ɗaurin aure. Ke kina ciki, da 'ya a tsakani.

Ciki na gaba kada ki yi gaggawarsa, ko da za a yi ta ce miki shi ne maganin baƙin ciki. An yanka mahaifarki, tana buƙatar wata 18 zuwa shekara 2 kafin ta sake ɗaukar kaya, ki nemi hanyar tazara a asibiti. In lokaci ya yi, ki fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga; ba ya hana wannan ciwon, amma yana kare wasu nakasassu na laka da ƙwaƙwalwa. Ki je awo da wuri, ki nuna takardun nan tun zuwan farko, a yi eko a mako na 12 zuwa 14, a sake a mako na 20 zuwa 22 wurin wanda ya ƙware, a auna cinya da hannu da zagayen ƙirji. Ciwukan ƙashi masu kisa galibi ba sa ɓuya zuwa wannan lokaci. In an auna a wata na biyar aka ga komai daidai, ki saki ranki ki ɗinka kayan jariri. In kuma Allah ya ƙaddara akasin haka, babu maganin da ke gyara shi a ciki, amma sanin yana ba likitoci damar lura da yawan ruwan, su shirya miki haihuwa yadda ba za ki cutu ba.

Goggo kuwa, ba ke za ki yi mata gardama ba, uwa ce ta ɓangare biyu, kuma duk abin da kika faɗa za a ce kare kai ne. Ita ma jikanta ta rasa, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, ta laluba cikin abin da ta sani ta samo masa suna. Amma sunan nan yana da dafi, yana cire yaro daga cikin 'yan Adam, ya bar uwarsa da zargi. Ɗanki mutum ne, ɗan maigidanki ne, jinin Goggo ne, ya shaƙi iskar duniya kusan awa biyu. Ki bar maganar ta fito daga bakin ɗanta bayan ya ji daga likita, ko daga bakin mahaifinki, tunda ɗan uwanta ne. In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kuka ba ya tsayawa, ko 'yarki ta zo jikinki kin kasa kula ta, ki faɗa wa likita ko ungozomar da ta yi miki awo. Wata uku ba su isa a ce ki manta ba, amma akwai baƙin cikin da ke buƙatar magani.

Saura maigidanki. Ke allura ta rufe miki ido, shi ne ya gani. Shi aka miƙa wa, wataƙila yana tsaye aka yi wanka, shi ya rungume shi a zane zuwa maƙabarta, ya dawo ya zauna karɓar gaisuwa, kowa na tambayar jikin mai jego. Shirun nan nasa ban ɗauke shi fushi da ke ba. Ki samu daren girkinki, bayan yara sun kwanta, ki ce masa Inna ce ta aiko da tambaya saboda likita zai buƙata: yatsun yaron nan nawa ne, kuma da ka riƙe kansa, da tauri ko da laushi? Ki bar shi ya amsa yadda ya iya, kada ki katse shi ko ya wuce abin da kika tambaya. Abin da ya faɗa ki rubuta a bayan katin awonki, ki kuma aiko mini.